Mamatan Meksiko da Mamatan Ƙonni: Sharhi a kan Fim Biyu da Darasin Yara



A wannan fitowa za mu duba fim guda biyu. Na farko an yi shi a kan wata al'ada ta mutanen Meksiko, can ƙetaren babban teku. Na biyu an ɗauki wani sashensa a nan Birnin Ƙonni, a kan abin da ya sami kakanninmu cikin shekarar 1899. Duka biyun zancen mamata suke yi. Kowannensu kuma yana iya faɗawa hannun ɗanka, domin yanzu kallo ba ya jiran majigi ya zo gari. Yana cikin wayar salula, ana tura shi a kasuwar Laraba kamar yadda ake auna gero.

Tambayar da za mu bi ita ce: in ana so yaran lakwal su fahimci al'adun mutane, nasu da na waɗansu, ta hanyar tuna waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, mene ne waɗannan fina-finai za su ba su? Mene ne kuma ba za su iya ba su ba? Kada ka ce wannan zancen mushe ne da sufeto. Kai ne uban yaro, ke ce uwarsa. Abin da ya gani, ku zai zo ya tambaya.

Ranar Mamata a Meksiko

Meksiko tana maƙwabtaka da Amurka daga kudu. Ko ba ka taɓa jin sunanta ba, ka ci abincinta, domin masara da barkono daga can suka samo asali. Turawan Sifaniya sun ci ƙasar da yaƙi. Sun kame babban birnin mutanen Aztek a 1521, suka kawo addinin Kirista na ɗariƙar Katolika. Tun kafin zuwansu, mutanen ƙasa suna da tasu hanyar tuna mamata. Su kuma ƴan Katolika suna da ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, na tuna waliyyansu da mamatansu. Abubuwan nan biyu suka gauraya, aka sami abin da suke kira Ranar Mamata. Tana zuwa ne lokacin da suke ƙare girbin masara, kamar yadda mu ma a Nuwamba muke ɗaure damma muna shirin dashen albasa.

Ga yadda suke yi. Mutanen gida suna shirya teburi na musamman. Su jera hotunan iyaye da kakanni da suka rasu. Su kunna kyandir, su baza wani fure mai ruwan ɗorawa, su ajiye ruwa da gishiri da burodi da irin abincin da mamacin yake so lokacin da yana da rai. Ranar 1 ga wata ta yaran da suka rasu ce, ranar 2 ta manya. Ana zuwa maƙabarta a share kaburbura. A waɗansu garuruwa can ake kwana, tsofaffi suna ba yara labarin wanda ke kwance a wurin. Sun yi imani cewa a waɗannan ranaku mamatan suna kawo musu ziyara. A 2008 hukumar UNESCO, wadda muka sani da ranar yaƙi da jahilci ta 8 ga Satumba, ta sa wannan al'ada cikin jerin kayan gadon ƴan Adam.

A makarantun Meksiko yara suna shirya irin wannan teburi a cikin aji. A Amurka da waɗansu ƙasashe ma malamai da yawa suna amfani da bikin don su koya wa yara sanin al'adun wasu. Sau da yawa fim ɗin da za mu fara dubawa shi suke nuna musu.

Fim na farko: Coco

Sunansa Coco, ba kokon da muke sha da ƙosai ba. Sunan wata tsohuwa ne. Kamfanin Pixar da ke ƙarƙashin Disney a Amurka ya fitar da shi a 2017, ya kuma sami lambobin yabo biyu na Oscar a 2018. Fim ne na zane, irin wanda yara ke so.

Labarin wani yaro ne mai shekara 12, sunansa Migel. Gidansu dukawa ne, takalma suke ɗinkawa. An hana kiɗa da waƙa a gidan, domin can baya wani kakansu ya bar matarsa da ƴarsa ƙarama ya tafi yawon waƙa, bai dawo ba. Saboda fushi aka yage fuskarsa daga hoton iyali, aka daina faɗin sunansa. Wannan ƴar ƙarama ita ce Coco, kakar uban Migel. Ta tsufa tukuf, har ta fara mantuwa.

A daren bikin Migel ya sami kansa a ƙasar mamata. Can ya gamu da wani ɗan talaka mai suna Hekto, wanda yake gab da ɓacewa gaba ɗaya, domin babu mai tunawa da shi a duniya sai mutum ɗaya. Daga baya gaskiya ta fito. Hekto shi ne uban Coco. Bai gudu ba. Yana shirin komawa gida ne abokinsa ya sa masa guba, ya sace waƙoƙinsa, ya yi suna da su. Wanda ya yi kisan an gina masa babban kabari da mutum-mutumi a tsakiyar gari, wanda aka kashe kuwa ko sunansa ba a faɗi. Da Migel ya dawo, ya rera wa tsohuwa waƙar da ubanta yake yi mata tana ƙarama. Sai ta tuna. Ta ciro yagaggen hoton da wasiƙun ubanta da ta ɓoye shekara da shekaru. Wasiƙun nan su suka tabbatar da wanda ya yi waƙoƙin.

Abin yabo a fim ɗin yana da yawa. Bai tsorata yaro da mutuwa ba. Ya nuna masa cewa tsohuwar da ke gyangyaɗi a kusurwar ɗaki ita ce rumbun labarin gida, in ta tafi ba a tambaye ta ba, rumbun ya ƙone. Ya nuna cewa fushin manya yana iya binne gaskiya har jikoki su gaji ƙarya. Mu kuma malaman yaƙi da jahilci, abin da ya fi faranta mana rai shi ne wasiƙun nan. Waƙa ta tada tunanin tsohuwa, amma takarda ce ta tsaya shaida a gaban jama'a.

Yanzu ga aibinsa. Ƙasar mamata da aka nuna, mai fitilu da jiragen ƙasa da ma'aikatan kan iyaka masu duba hoto kamar na tsakanin Ƙonni da Illela, masu fim ne suka ƙaga ta. Dokar cewa sai an ajiye hotonka za ka iya ƙetare gada, ita ma don labarin ya yi daɗi aka sa ta. Dabbobi masu launi-launi da ke yi wa mamata jagora asalinsu aikin hannu ne da wani mai sana'a, Pedro Linares, ya fara a birnin Meksiko cikin shekarun 1930. Yaron da ya kalli fim ɗin shi kaɗai zai ɗauka haka mutanen Meksiko suka yi imani, alhali an ƙara gishiri. Zai kuma iya tambayar ka: mu da ba mu da hoton kakanmu, ya ɓace ke nan?

Akwai kuma zancen kasuwa. A 2013 kamfanin Disney ya nemi a yi masa rajistar sunan bikin ya zama tambarin hajarsa. Mutane suka yi masa ca, ya janye. Babban jerin gwanon da ake yi a birnin Meksiko, wanda baƙi ke zuwa kallo, sai a 2016 aka fara shi, bayan wani fim na James Bond ya nuna irinsa a 2015. Ka ga fim yana iya sauya al'adar da ya zo ɗauka. Malamin da ya tsaya ga shafa wa yara farar ƙasa a fuska da zanen ƙoƙon kai, ya yi kama da baƙon da ya zo Sallar Layya, ya ga rago da sabbin riguna, ya koma gida ya ce Sallah bikin cin nama ce.

Abin da ya faru a Ƙonni a 1899

Kafin mu shiga fim na biyu, sai mu tuna da labarin da aka gina shi a kai.

A farkon 1899 wani ayarin sojan Faransa ya taso daga bakin kogin Kwara, ya nufi gabas, yana so ya kai tafkin Cadi. Shugabanninsa kaftin biyu ne, Paul Voulet da Julien Chanoine. A bakinmu sai mu ce Bule da Shanuwan. Turawan da ke cikin ayarin ba su wuce goma ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojoji, da ƴan dako da aka kama da ƙarfi, da matan da aka kwaso a hanya. Ayari ne babba, ba shi da isasshen abinci da ruwa, sai abin da ya ƙwata. Garin da ya yi gardama a ƙone shi.

A watan Janairu suka yi kisa a Sansanin Hausa. Ranar 16 ga Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Dogondutsi. A watan Mayu suka iso Birnin Ƙonni. Garin yana da ganuwa, amma su suna da igwa da bindigogi. Suka shiga, suka kashe maza da mata da yara, suka sa wuta. Waɗansu littattafai sun ce ɗaruruwa aka kashe, waɗansu sun ce dubbai. An zuba gawarwaki cikin manyan ramuka.

Labarin ɓarnar ayarin ya kai Faransa ta hanyar wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau, wanda ya rabu da su. Aka aiko Kanal Klobb daga Tumbutu ya tsayar da su. Ya bi sawunsu yana rubuta abin da ya gani na ƙonannun garuruwa. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Bule ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu sojojin ayarin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Shanuwan ranar 16, suka kashe Bule ranar 17. Kabarin Bule yana Maijirgi, kusa da Tasawa, an san wurin. A Faransa kuwa aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa musu hankali, aka rufe magana.

Fim na biyu: African Apocalypse

Ma'anar sunan tana kusa da "tashin duniya a Afirka". Wani Bature ɗan Ingila, Rob Lemkin, ya shirya shi, ya fito a 2020, gidan talabijin na BBC ya nuna shi. Daga baya an mayar da shi Hausa. Wannan ba zane ba ne, mutane ne na gaskiya. Wani saurayi mawaƙi, Femi Nylander, ɗan Ingila mai asalin Nijeriya, shi ya bi babbar hanyarmu ta kwalta yana neman sawun Bule. Ƴan Nijar biyu suka raka shi, Amina Weira da Assan Ag Midal. Sun tsaya a garuruwan da ayarin ya bi, har da Ƙonni, suka kai kabarin Bule.

Babban alherin fim ɗin shi ne ya miƙa wa dattawanmu magana. Sun zauna, sun faɗi abin da iyayensu da kakanninsu suka faɗa musu, da harshensu, duniya ta ji. Bayan fiye da shekara 120 ba a manta ba, ko da yake ba a rubuta ba. Wanda ya ga idon waɗannan tsofaffi ya san ciwon bai warke ba. Fim ɗin bai ɓoye rauninsa ba kuma. Akwai wurin da abokan tafiyar saurayin suka nuna masa cewa yana jin labarai masu sa kuka amma fuskarsa ba ta motsa ba, aka bar wannan a ciki. Wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo.

Amma a matsayin darasin yara yana da nakasa uku.

Ta farko, don mutanen Ingila aka fara yin sa. Kashin bayansa wani littafin Turanci ne na Joseph Conrad, Heart of Darkness, wanda ya fito a 1899 a kan ƙasar Kwango. Saurayin yana ta gwada Bule da mugun da ke cikin littafin. Ga ɗan makarantar Ingila wannan ƙofa ce ta shiga labarin. Ga ɗan Tsarnawa ko Dogarawa ko Badagishiri kuwa zagaye ne mai nisa, domin shi ƙofar tana gidansu.

Ta biyu, akwai tsofaffin hotuna na yanka da azaba, waɗansu ma daga wasu ƙasashen Afirka. Babba yana iya jurewa. Yaron firamare bai kamata ya gan su ba.

Ta uku ita ce mafi girma. Fim ɗin hanyar mai kisa ya bi, tun daga inda ya taso har inda ya kwanta. Sunan da ake ta maimaitawa nasa ne. Dattijo ya yi magana kaɗan, mota ta tashi, a nufi gari na gaba. Wanda ya gama kallo zai fita da sunan Bule a bakinsa da fushi a zuciyarsa. Fushin yana da dalili. Sai dai yaro ba zai rayu da fushi kaɗai ba. Yana bukatar ya san su wane ne mutanen da ke cikin ramukan nan, wace sana'a suke yi, a wace unguwa suke, wa suka bari.

In ka jera fina-finan biyu sai ka ga abin mamaki. Abin da Coco ya ƙaga, shi ne ya faru da mu a zahiri. Mai kisa yana da kabari sananne, sunansa yana cikin littattafai da harsuna da yawa. Waɗanda ya kashe a Ƙonni kuwa lissafi ake yi da su, ana gardama ko ɗari nawa ne ko dubu nawa. Fim ɗin Meksiko ƙage ne, amma ya ba mamacinsa suna da fuska da ƴa. Fim ɗin Ƙonni gaskiya ne, amma wannan aiki ya fi ƙarfin baƙon da ya zo ya wuce. Aikin ƴan gida ne.

Ikon rubutu

Duba Sarauniya Mangu. A yau kowane ɗan lakwal a Nijar ya san sunanta. Mutanen Lugu sun riƙe labarinta a baki, amma bai zagaye ƙasa ba sai da Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa Sarraounia a 1980. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Littafin ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara abubuwa daga kansa. Duk da haka alƙalami ɗaya ya fito da suna ɗaya daga ƙauye ya kai shi duniya.

Duba kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife shi a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, ya rasu a Sakkwato a 1817. Mun san iyayensa da malamansa da tafiye-tafiyensa domin gidansa gidan rubutu ne. Ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun rubuta. Ƴarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙin ta'aziyya ga mutanenta da suka rasu, tana ambaton kyawawan halayensu don na baya su koya.

To, manomin Ƙonni da ya faɗi a bakin ganuwa, da matar da aka tarar tana daka, wa zai rubuta su? Sunayen waɗansu suna nan a bakin tsofaffi, cikin jerin kakanni, cikin kirarin gidaje, cikin sunan da aka mayar wa jika. Kowace shekara muna binne waɗansu daga cikin masu riƙe da su.

Ko wannan ya saɓa wa addini?

Wani zai ce: mu Musulmi ne, me ya haɗa ɗiyanmu da masu ajiye wa mamaci abinci? Tambaya ce mai kyau, kada a raina mai yin ta.

Sanin abu dabam, yin sa dabam. Babu wanda ya ce a kafa teburi da kyandir a ajin Malbaza ko Illela. Mu ba mu yarda mamaci yana dawowa ya ci abinci ba. Muna yi masa wanka da sutura da salla, mu kai shi makwancinsa ba da jinkiri ba. Muna zaman makoki, muna karɓar gaisuwa. Gidaje da yawa suna sadakar uku da bakwai da arba'in, ko da yake malamai sun saɓa a kan wannan. Abincinmu masu rai muke ba, mu roƙi Allah ya kai ladan kabari. Muna ziyarar maƙabarta don addu'a da tuna lahira. In aka haifi yaro aka sa masa sunan kakansa, sai a riƙa kiran sa Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Inna, don kunyar sunan.

Yaron da aka bayyana masa waɗannan, in ya ga na Meksiko ba zai ruɗe ba, ba kuma zai yi dariya ba. Zai ce: su ma suna kewar iyayensu kamar mu, ga inda muka yi daidai, ga inda muka rabu. Wannan shi ne fahimtar al'ada. Amfaninta ba sai an je Meksiko ba. A ƙasarmu akwai Kiristoci a Galmi da cikin Ƙonni. Akwai azna a Masallata da ke yin arwa. Akwai Fulani da Buzaye da muke haɗa rijiya da kasuwa. Ɗiyansu da namu benci ɗaya suke zama. Yaron da ya koyi tambaya cikin ladabi a kan al'adar nesa, ba zai yi wa abokin zamansa ba'a a kan ta gidansu ba.

Har labarin 1899 yana da irin wannan darasi. Yawancin masu riƙe da bindiga a ayarin Bule baƙar fata ne, kuma su ne suka kashe shi daga ƙarshe. In an faɗa wa yaro haka, zai gane cewa zalunci yana neman hannuwan da za su yi masa aiki, kuma mutum yana iya cewa ya isa.

Abin da za mu yi

Hukuncinmu a kan fina-finan shi ne wannan. Coco ya dace da yara, in akwai babba a kusa da zai raba musu ƙage da gaskiya, ya kuma faɗa musu abin da mu muka yi imani da shi. African Apocalypse na manya ne da ƴan makarantar sakandare, a kalle shi tare, a tattauna. Babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya zama darasi shi kaɗai. Abin da za mu ara daga Meksiko guda ɗaya ne: suna ware lokaci, a gida da makaranta, su faɗa wa yara sunan kowane mamaci da labarinsa.

Ga shawara gare ka, kai da ka fara riƙe alƙalami.

Na ɗaya, sayi kaye guda, ka ware shi don wannan aiki. Rubuta sunan gidanku da garinku a bangonsa.

Na biyu, je wurin wanda ya fi kowa tsufa a dangi. Kada ka tsallake mata, domin sau da yawa su suka fi riƙe zuri'a. Ka tafi da goro, ka zauna, kada ka yi gaggawa.

Na uku, kowane mamaci ka ba shi shafinsa. Rubuta sunansa da na uwa da uba, da garin da ya fito, da sana'arsa, da ƴaƴansa, da hali ɗaya da aka san shi da shi. In ba a san shekara ba, a auna da abin da ya faru: kafin zuwan Nasara ko bayansa, lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, lokacin samun ƴancin kai a 1960, lokacin yunwar El-Buhari ta 1984.

Na huɗu, ka tambaya musamman: ina mutanen gidanmu suke ranar da aka ƙone Ƙonni? Wa ya mutu, wa ya gudu, ina ya gudu, wa aka tafi da shi? Abin da aka faɗa maka rubuta shi yadda aka faɗa, ka sa sunan wanda ya faɗa da ranar. Kada ka ƙara, kada ka rage. In tsofaffi biyu sun saɓa, rubuta duka biyun.

Na biyar, ka sa ɗanka ya karanta maka da dare. In rubutunka yana da kuskure zai gyara, kai kuma ka gyara masa labari. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami.

Ku kuma malaman lakwal, ga roƙonmu. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Wannan darasi ya fi kowane dacewa da harshen da kaka take ji. Ku fara da gida: kowane yaro ya kawo suna uku da labari ɗaya. Sa'an nan ku gayyato dattijo ko dattijuwa cikin aji. Bayan haka ku buɗe taswira, ku nuna musu Meksiko, ku ba su labarin Ranar Mamata, su da kansu su faɗi inda aka yi kama da inda aka bambanta. Watan Mayu, watan da aka shiga Ƙonni, yana cikin shekarar karatu. Awa ɗaya ta isa a fara.

In cibiyoyin yaƙi da jahilci na Ƙonni da Malbaza da Illela suka tara irin waɗannan kaye, wata rana za a sami littafin da babu kamfanin waje da zai iya yi mana. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya rubuta nasa ya kawo wa malamin cibiyarsa su duba tare, mu kuma za mu so mu buga waɗansu a wannan mujalla, da yardar masu gidan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda shi kaɗai ya sani. Allah ya sa mu cika da imani. Amin.